Shekarar da Na Yanke Tsanin Babanku

Ranar sunan ɗiyar Ummi na ji Bashir yana ba baƙinsa labarin tsanin nan da ke jingine a falona, wanda nake rataye atamfofi da dardumai a kansa. Ya ce musu babanku ne ya ajiye aiki don kansa, ya raba tsaninsa biyu, ya gyara shi ya ba ni kyauta. Matan suka yi ta sha'awa, wata har da ɗaukar hoto a waya. Ina zaune ina jin sa ban tanka ba, don ranar suna ba ranar gyara wa mutum zance ba ce. Ban ga laifinsa ba kuwa. A shekarar yana karatu a Ngaundere wurin kawunsa, Ummi tana ƙarama, ke Hadiza da kika ga komai ba mai magana ba ce. Amma ba haka aka yi ba. Babanku bai bar aiki don ya so ba, kuma ba shi ya yanke tsanin ba. Ni na sa aka yanke, ba da saninsa ba, wata Juma'a yana masallaci.

Duk unguwarmu ta Brik, Garba mai fenti ake ce masa. Danginsa 'yan goro ne da teloli tun daga kakansu da ya zo daga Kano, shi kaɗai ya fita daban ya kama buroshi. Shekarar da aka kawo ni gidansa ya sa aka yi masa tsanin, da katakon iroko, matakala goma sha huɗu, nauyi kamar me. Babu taksin da ke yarda ya ɗauka, don haka a kafaɗa yake saɓa shi ya ratsa lungunan nan namu da mutum biyu ba sa iya jerawa, yana cewa a kula da kai, da Hausa, da Faransanci, da Fulatanci, gwargwadon wanda ya tare hanya. In aikin da nisa ya ɗora a amalanke. Abokan sana'arsa duk sun koma na alminiyon mara nauyi, shi ya ce wannan rawa yake yi a ƙarƙashin ƙafar mutum. Tun da nake da shi ban taɓa jin ya hau tsanin wani ba, bai kuma taɓa ara wa kowa nasa ba, ko liman ne ya aiko. In ya dawo sai ya jingine shi a katangar bayan gida ya ɗaure da sarƙa, sannan ya wanke hannu da kananzir. Mutum ne mai murya. Yana can sama yana fenti yana hira da masu wucewa a ƙasa, kowa ya san shi, kowa yana da abin da zai tsokane shi da shi.

Bayan ƙaramar Sallah da kwana kaɗan yana aiki a wani bene a unguwar Cité Verte, jiri ya ɗebe shi, ya faɗo daga wajen matakala ta tara. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Ranar da za a sallame mu likitar, wata mace doguwa mai tabarau, ta tsaya a bakin gadon ta yi mana bayani. Ta ce karayar za ta warke, abin da ba zai warke ba shi ne hawan jinin da ya daɗe da shi bai sani ba, kuma jirin zai riƙa dawowa ba tare da ya yi sallama ba. Ni Faransancina na kasuwa ne, amma abin da ta faɗa a ƙarshe na ji shi sarai.

“Il ne monte plus, madame. Ko kan kujera kada ya sake hawa.”

Rabin maganar da Hausa ta ƙarasa don ta tabbata mun gane. Babanku ya fi ni jin Faransanci nesa ba kusa ba, amma sai ya juya yana neman takalminsa a ƙarƙashin gado kamar ba da shi ake ba.

Wata huɗu ya yi a kwance. A cikinsu ne na sayar da armuwa ta aurena, babbar nan mai madubi uku da muke zuba tufafinmu duka a ciki, na sayar da kabad ɗin da nake jera kwanukana. Tufafi suka koma cikin buhuna da akwatin ƙarfe, kwanuka suka koma ƙarƙashin gado. Da abin da ya rage na fara saro atamfa kaɗan-kaɗan a kasuwar Mokolo ina sayar wa matan unguwa a cikin gida. Ba mu kwana da yunwa ba, Allah ya rufa asiri, sai dai miya ta yi ruwa. Da ya fara takawa da sanda sai ya riƙa sa a fitar masa da kujera tsakar gida da hantsi. Na ɗauka rana yake sha. Daga baya na lura kujerar kullum tana fuskantar katangar baya ne, inda tsanin yake.

Wata Alhamis wani Alhaji mai fataucin shanu daga unguwar Etoudi ya zo duba shi. Ina kawo musu shayi na ji abin da ya kawo shi. Zai aurar da ɗansa, yana so a yi wa gidansa fenti, bene ne hawa biyu, kuma ya ce shi hannun Garba kaɗai ya yarda da shi. Ba da mugunta ya zo ba, na san a ransa taimako ne yake yi. Na ga fuskar babanku ta washe irin yadda ban gani ba tun kafin faɗuwar. Ya ce wa Alhajin zai zo Litinin in Allah ya yarda. Bayan baƙon ya tafi na durƙusa gefen kujerarsa na tuna masa maganar likita, na ce ya nemi yaran sana'a su hau shi ya tsaya a ƙasa yana nuna musu. Ya ce ba hannun yara aka zo nema ba. Na yi magiya, na yi kuka, na haɗa shi da Allah da 'ya'yansa.

“Shekara ashirin da takwas ina hawa, Rakiya,” ya ce. “Sau ɗaya na faɗo.”

Da yamma na tafi wurin yayarsa, Goggonku Mairo, don ita kaɗai yake jin maganarta tun rasuwar iyayensu. Ta saurare ni har na gama tana gyara zogale a faranti. Sannan ta ce namiji in ya zauna ya ƙare, ta ga yadda zama ya cinye mijinta, kuma abin da Allah ya rubuta ko a kan tabarma zai sami mutum. Ta ce in koma in yi masa addu'a in bar shi ya nemi abincin iyalinsa. Ba na cewa ba ta da gaskiya ko kaɗan. Ita ma son sa take yi, kuma ta riga ni sanin sa. Amma ba ita ta riƙa juya shi a gado wata huɗu ba, ba ita ta ji ƙarar da yake dannewa da haƙori in za a ɗaga shi ba.

Washegari Juma'a. Saboda tafiyarsa ta zama a hankali, tun kafin sha biyu ya yi wanka ya sa farar rigarsa ya kama hanyar masallaci. Na bari sai da lungu ya yi tsit, maza duk sun tafi, sannan na yafa mayafi na je bakin titi wurin Papa André, kafintan nan Kirista mutumin yamma, wanda shi ne ya haɗa tsanin da hannunsa tun farko, kuma abokin babanku ne na shekara da shekaru. Da na gaya masa abin da nake so sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. Ya ce gara ya ɗauke tsanin ya ɓoye a shagonsa har Litinin ta wuce. Na ce in an ɓoye zai nemo, in an sayar zai bi sawu ya karɓo, kai ma ka san shi. Ya ce wannan ba katako ba ne kawai, madam Garba, da shi ya ciyar da ku. Na ce na sani, kuma da shi za a kawo min gawarsa ranar Litinin. Ya daɗe yana shafa ƙeya, sannan ya ɗauki zartonsa ya biyo ni.

Muka kwance sarƙar, muka kwantar da tsanin a kan turmi biyu. Ya ƙirga matakala bakwai ta nan, bakwai ta can, ya ja layi da fensir. Ya sake tambayata ko na tabbata. Na ce ya yanka. Ni na danne masa gefe ɗaya da hannuwana, kuma har yau in na tuna ina jin yadda katakon yake rawa a tafina. Lasifikar masallaci tana kawo huɗuba, zarto yana ci. Abin da ya ba ni mamaki, waje duk ya yi baƙi da tsufa da ɗigon fenti, amma cikin itacen sabo fil, ruwan zuma, har da ƙamshi. Wannan tsani da zai yi wata shekara talatin bai gaji ba. Da ɓangare na biyu ya rabu sai na zauna a ƙasa cikin garin katako. Papa André bai karɓi ko sisi ba. Ya tattara kayansa ya fita ba tare da ya dube ni ba.

Ban share garin ba, ban ɓoye komai ba. Na zauna a bakin madafa ina jira. Na ji sandar babanku tun daga zaure. Ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai ya taka a hankali ya je ya sunkuya, duk da sunkuyo yana ba shi wuya, ya shafa bakin yankan da babban yatsansa.

“Wa ya yi wannan?”

“Ni ce, Malam.”

“Yankan André ne.”

“Ni na kira shi. Ni na riƙe masa.”

Ya miƙe ya dube ni. Na shirya wa faɗa, na shirya wa saki ma, don na san abin da na taɓa. Amma muryarsa ƙasa-ƙasa ta fito.

“Ko a asibiti ba su yanke min ƙafa ba, Rakiya.”

Ya shige ɗaki. Daga ranar, sati bakwai, in ban da amsa gaisuwa babu abin da ya haɗa ni da shi. Bai zage ni ba, bai ɗaga min murya ba. In na ajiye masa abinci sai in dawo in tarar da shi a rufe yadda na kawo. Goggo Mairo ce take aiko masa da kwano safe da yamma. Ita da kanta ta zo ranar Asabar, ta tsaya a tsakar gida ta ƙi zama a tabarmar da na shimfiɗa mata. A gaban Hadiza ta ce sun ɗauko ni ne in zauna da ƙaninta, ba in zama uwarsa ba, kuma macen da ta iya sa zarto a kan abincin mijinta babu abin da ba za ta iya ba. Ta ce masa ya sallame ni. Ban ji amsar da ya ba ta ba, na dai ga ta fito ranta a ɓace. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara cin abincin gidana ba, ko ruwa in na kawo sai ta ce ta sha a gida. Kun sha tambayata dalili ina ce muku halin tsufa ne. To ga dalilin.

Ranar Lahadi ya hau taksi shi kaɗai ya je Etoudi ya ba Alhajin haƙuri. Bai faɗi dalili ba, amma a Brik ba a ɓoye magana, kafin ya dawo labari ya gama unguwa. Akwai majalisar da yake zama da la'asar kusa da masu soya, wato masu tsire, shekara da shekaru, shi ne mai ba su dariya. Ran da ya koma, wani daga cikinsu ya ce masa ya nemi izinin madam kafin ya hau benci. Wasa ne irin nasu, da a da ne shi zai fi kowa ramawa. Ya tashi ya dawo gida, kuma ya fi shekara bai sake zama a wurin ba. Papa André ma babanku ya daina gaishe shi, in zai fita titi sai ya zagaya ta wani lungun. Ina ganin duk wannan. Kada ku ɗauka ina ta murna na ceci rai. Sau da yawa ina tuƙa tuwo ina tambayar kaina ko mutumin da na ajiye a raye shi ne wanda na aura.

Ana cikin haka babban ruwa ya sauka, irin na Oktoba da ba ya ɗagawa. Kun san gidanmu na da, bangon yana shan ruwa daga ƙasa. Wata safiya na buɗe buhun kayan sayarwa na tarar fumfuna ta kama turmi uku na atamfa, tufafinmu kuma duk suna warin danshi. Na ɗaura igiya a falo, nauyi ya tumɓuke ƙusar ta fito da guntun bango. Waje ba wurin shanya. Na tsaya a ƙofar madafa ina rasa yadda zan yi, sai idona ya faɗa kan guntayen tsanin nan biyu, suna yashe a bayan madafa inda na ja su tun ranar, ruwa yana dukan su. Babu wanda ya taɓa su, kowa a gidan yana kewaye su. Na jawo ɗaya ni kaɗai, na goge shi da tsumma, na shigar da shi falo na jingina da bango, ƙafafunsa na ɗan ja su baya yadda iska za ta riƙa bi ta bayansa. Na warware atamfofin na rataya ɗaya a kowace matakala.

Wallahi ba ado na nufa ba, neman inda kaya za su sha iska nake. Amma da na ja da baya na duba sai na ga falon ya canja. Tun da aka fitar da armuwa bangon nan yake tsirara, da tabon inda ta tsaya. Yanzu ga launuka sun jeru daga sama har ƙasa, kore a kan ja, ja a kan ruwan goro, kowanne yana leƙowa ta ƙarƙashin ɗan'uwansa, kuma duk abin bai ci wurin da ya kai faɗin darduma ba. Babanku yana zaune a kujerarsa, don ruwa ya hana shi fita tsakar gida. Ya kalli tsanin, ya kalle ni. Sai ya tashi ya juya kujerar ta fuskanci ƙofa.

Kwana huɗu haka. Kayan sun bushe, warin ya tafi, matan da ke zuwa saye kuma suna ganin komai a buɗe ba sai na zazzage buhu ba. Matsala ɗaya, tsohon fentin da ya ɗiɗɗiga a kan matakalan ya yi ƙuraje, yana kama zare, har ya ja wa wani leshi zare guda. A rana ta biyar da hantsi na sauke kayan, na ɗauko tsohuwar wuƙa na durƙusa na fara kankarewa. Ban yi kankara uku ba na ji murya a bayana.

“Ajiye wuƙar nan. Za ki ji wa itacen ciwo.”

Na ajiye. Ban juya ba, don kada ya ga fuskata. Na ji ya jawo kujerar, ƙiiii, har kusa da ni. Ya miƙo sandarsa ya taɓa wani ɗigon kore a matakala ta biyu, ya ce wannan na masallacin unguwa ne, shekarar da aka ƙara masa baranda. Ya taɓa wani shuɗi ya ce na ɗakin haihuwar da aka haifi Ummi ne, ya yi musu fentin ana saura wata biyu in haihu, shi ya sa ya ce a can zan haihu don ya san bangon da tsabta. Ruwan ƙwai na wani kanti ne a cikin gari wanda mai shi ya sa aka sake sau uku. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, gidan wane, makarantar wane, wasu masu gidajen sun mutu, wasu gidajen an rushe. Ni da nake wanke masa kayan aiki shekara ashirin da takwas ban taɓa sanin yana riƙe da su haka ba. Da ya zo kan wani ruwan hoda da bai gama dushewa ba sai ya janye sandar, na gane na Cité Verte ne. Ya wuce shi.

Ya ce ba cirewa ake yi ba. A bi shi da takardar gugar katako mai laushi har ƙurajen su kwanta, launin ya zauna, sannan a shafa verni, man nan mai sheƙi, hannu biyu. Ya karɓi biro ya rubuta min sunayen da lambar takardar da Faransanci, ya ce in je Mokolo wurin masu kayan gini, kuma kada in yarda su ba ni wanda aka surka. Na fita cikin yayyafi ba lema, ban ma san na jiƙe ba sai da na dawo.

Kwana uku ya yi yana aikin, a zaune kan tabarma, tsanin a kwance kan benci biyu a gabansa. Hannunsa bai manta komai ba. Ya yanko tsohon silifa ya manna a ƙafafun don kada su zame a siminti, ya sa ƙugiya a sama ya kama da bango, ya ce wata rana za a yi jikoki masu jan kaya. A rana ta biyu da azahar na ajiye tuwon masara da miyar kuka a gefensa kamar yadda na saba ajiyewa ina ɗaukewa. Ina daga madafa na ji ƙarar murfin kwano. Ban leƙo ba. Da na zo kwashewa ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Na ce to, gobe za a ƙara. Iyakar sulhun da muka yi ke nan, ba wanda ya zauna da mu, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Ɗaya guntun kuma shi ya ce a shigo da shi. Ya nemo 'yan alluna ya ɗora a kan matakalan ya zama kanta, na fito da kwanukan aurena daga ƙarƙashin gado na jera, manyan tasoshi a ƙasa, ƙanana a sama, can ƙoli kuma ya ajiye Alƙur'aninsa. Da yake ya ƙi zuwa wurin Papa André, shi ya yanka allunan da kansa, kuma shi mai fenti ne ba kafinta ba. Shi ya sa allo na uku ya karkace har yau, in an ajiye kofi sai ya gangara hagu. Kun sha cewa a gyara, ni na hana.

Matan da ke zuwa sayen atamfa suka fara tambayar tsanin fiye da atamfar. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce tana son ƙarami mai matakala biyar ta rataya tawul a banɗaki, ɗakinta ba wurin kabad. Ya ce shi ba ya yin tsanin da ba a hawa. Ta dawo sau uku. A na ukun ya ce ta zo bayan sati biyu, kuma na san babu yadda zai yi sai da kafinta. Ban san wanda ya kai wa Papa André labari ba. Wata safiya dai sai ga shi a zaure da katako a kafaɗa, ya tsaya yana ta sallama ya kasa shigowa. Babanku ya bar shi a tsaye har sai da na ji kunya, sannan ya ce masa ya shigo, amma ya sani yankan da ya yi wa na farkon ya karkace. Papa André ya ce ƙarya ne, bai taɓa yanka a karkace ba. Suka yi ta musu har shayi ya huce. Daga nan suka kama, shi yana haɗawa, babanku yana gogewa yana shafa launi a zaune, na tawul, na takalma, na tukwanen fure, na shagunan teloli.

Kada in yi muku daɗin baki. Abin da ƙananan tsanukan nan suke kawowa bai kai rabin abin da bene ɗaya yake kawowa ba. A ƙarshen shekarar ne muka cire Hadiza daga lise, makarantar sakandare, muka kai ta koyon ɗinki, ita da malamanta suke cewa za ta yi nisa. Hadiza, ba ki taɓa faɗa min ba, amma na sani, karatunki yana cikin abin da na sa wa zarto ranar nan. Ki yafe min. Babanku kuma ya koma majalisa daga baya, ya koma dariya, amma muryar nan tasa ta sama ba ta dawo ba. In muna cikin taksi muka wuce sabon bene ana fenti, sai in ga ya bi shi da kallo har wuyansa ya juya. Bai taɓa ce min na yi daidai ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Sai shekara takwas bayan haka, da Bashir ya biya min Makka. Ranar tafiya da safe na gama zagaya maƙwabta neman gafara, na dawo na same shi a falo yana ɗaure min jaka da igiya, wai zik ɗin ba abin yarda ba ne. Na durƙusa a gabansa na ce ya yafe min duk abin da na yi masa a zamanmu, musamman tsanin. Shi ne karo na farko da na ambaci abin da bakina. Ya ci gaba da ƙulla igiyar har ya gama, sannan ya zauna.

“Akwai abin da ban gaya miki ba,” ya ce. “Ranar Juma'ar nan da safe, da kika tafi cefane, na gwada hawa.”

Na ɗago kai.

“A matakala ta huɗu gidan ya juya da ni. Na rungume katakon na rufe ido, ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Da na sauko sai da na zauna a ƙasa.”

“Kuma da Litinin ta zo da ka tafi?”

“Na riga na ce wa mutum Litinin.”

Na tambaye shi, to fushin sati bakwai fa, da kwanon Goggo, da juya min kujera, alhali ya san abin da ya sani? Ya ce ba yankan ne ya fi ƙona shi ba. Abin da yake ɓoye wa kowa, har kansa, ni na fito da shi tsakar gida na ajiye kowa ya gani. Ya ce ya yafe min tun ranar da ya ci tuwon nan mara gishiri, saura ni in yafe masa sati bakwai ɗin.

Raina ya ɓaci a lokacin, ɓacin da ban yi ba shekara takwas. Na ce masa sai na je na dawo zan yi tunani. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya rako ni bakin titi da sandarsa, mata suna ta addu'a, aka sa jaka a but, na shiga ban dube shi ba. Motar ta fara tafiya. Ba mu kai kwanar masu soya ba na tuna hanyar da zan kama ba kowa ke dawowa ba, kuma shi ma ba yaro ba ne. Na ce wa direba ya tsaya. Na leƙo ta taga, yana nan tsaye inda na bar shi, na ɗaga murya a gaban duk mutanen titi, ni da ban taɓa yi ba, na ce Malam na yafe.

Ya ɗaga sandar sama. Sannan ya ƙwala wa direban kira, da babbar murya har masu shaguna suka juyo, ya ce ya ja a hankali, matarsa ba ta son gudu.